In Mai Ciwon Daji Ya Ture Kwano

Duk wanda ya taɓa zaman jinyar mai ciwon daji wanda ciwon ya yi nisa, ko a gida ko a asibiti, ya san wata rigima marar hayaniya da akan yi sau uku a rana a bakin gadon majiyyaci. Uwargida ta tashi tun da asuba ta dama kunu, ta sa a yanka kaza ta yi farfesu ya ji kayan ƙamshi, ta zubo a kwano ta rufe da faifai ta kawo. Maigida ya kai cokali ɗaya baki, ya yi na biyu da ƙyar, sa'an nan ya ture kwanon ya juya fuska bango. Ta ce, "Haba Malam, daure ka ƙara ko cokali biyu, tun jiya ba ka sa kome a cikinka ba." Ya ce, "Na ƙoshi, ɗauke." Babban ɗansa ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, don Allah ka ci, in ba ka ci ba ina magani zai sami ƙarfin yin aiki?" Tsohon ya yi shiru. Ita ta koma madafi tana share hawaye da gefen zane, tana tunanin ko girkinta ne ya daina yi masa daɗi, ko kuwa ya fid da rai ne. Shi kuwa ya kwana da nauyin zuciya, domin ya ga ya ɓata ran mutanen da ke wahala dominsa.

Mai girki ba ta yi laifi ba, majiyyaci ma bai yi taurin kai ba. Ciwon ne da kansa ya kashe sha'awar abincin, kamar yadda yake kawo zogi da kasala. Likitoci sun daɗe suna bincike a kan wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya kamata ya isa kunnen masu jinya, domin su ne ke riƙe da cokali. Akwai abin da ke gyaruwa, akwai abin da magani ke ɗan taimakawa, akwai kuma lokacin da tilasta wa majiyyaci ci yake zama ƙarin azaba a gare shi. Sanin bambancin waɗannan abubuwa uku shi ne rabin jinyar.

GIRMAN AL'AMARIN

Hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wadda ke da mazauni a birnin Liyon na ƙasar Faransa, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami sababbin masu ciwon daji fiye da 127,000 a Nijeriya, kuma kusan mutum 80,000 ne ciwon ya yi ajalinsu a wannan shekara. Dajin nono da na bakin mahaifa su ne kan gaba a wajen mata, a wajen maza kuwa na ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Galibin mutanenmu ba sa isa asibiti sai ciwon ya riga ya bazu, bayan an sha yawon neman magani nan da can, saboda haka gidajen da ke fama da majiyyacin da ya ƙi abinci ba kaɗan ba ne.

Rashin ci da rama tsofaffin abokan tafiyar wannan ciwo ne. A shekarar 1980 wasu likitoci a Amurka suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan majiyyata fiye da 3,000, suka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari na masu dajin tumbi da na fankiriyas, watau gaɓar nan da ke bayan tumbi mai samar da sinadarin insulin, sun riga sun fara ramewa tun kafin a soma yi musu magani. Sun kuma tarar waɗanda suka rame ba su kai waɗanda ba su rame ba tsawon kwana. Wannan ya nuna lalle al'amari ne da ya cancanci a kai shi gaban likita da wuri, kada a bar shi a matsayin maganar cikin gida.

DARASI DAGA SANIYA MAI SAMMORE

Makiyayi ya san saniyar da sammore ya kama. Ga damina ta sauka, ga ciyawa shar ko'ina, amma ita sai ƙara ƙanjamewa take yi har ƙasusuwan haƙarƙarinta su fito a ƙirga. Irin waɗannan shanu ne wani masanin kimiyya Ba'amurke mai suna Anthony Cerami ya gani a ƙasar Kenya a shekarun 1970, abin ya ɗaure masa kai, domin ƙwayoyin cutar da ke cikin jininsu ba su kai yawan da za a ce su ne suka cinye naman jikinsu ba. Ya koma Jami'ar Rockefeller a birnin New York ya ci gaba da bincike, har a shekarar 1985 shi da Bruce Beutler suka tace wani sinadari wanda jikin dabbar ne da kansa ke fitar da shi sa'ad da yake yaƙi da cuta, kuma yana cikin abubuwan da ke narkar da ita. Daga baya an gano wasu sinadarai irinsa da dama.

Haka abin yake ga ɗan Adam mai ciwon daji. Ƙullutun dajin da garkuwar jikin da ke faɗa da shi suna zuba waɗannan sinadarai cikin jini. Wasu su tafi ƙwaƙwalwa su danne wurin da ke sa mutum jin yunwa, wasu kuma su sa jiki ya riƙa rushe tsokarsa da kitsensa. Likitoci suna kiran wannan hali kakeksiya, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta mummunan yanayi.

A nan ne ya bambanta da yunwa irin ta fari. Mutumin da ya rame don rashin abinci, jikinsa yakan rage kashe ƙarfi, ya fara cin kitse ya yi tattalin tsoka, kuma da zarar ya sami hatsi sai ya murmure. Mai kakeksiya kuwa tsokarsa ce ke zagwanyewa tun da fari, kuma abinci kaɗai ba ya iya mayar da ita gaba ɗaya, ko da an cika masa ciki. Abin ya yi kama da tulun da ya tsage a gindi: ƙara ruwa yana da amfani, amma ba zai cika ba sai an toshe tsagar, toshe ta kuwa shi ne shawo kan dajin kansa. Shi ya sa wanda magani ya karɓe shi, ƙullutun ya ragu, sau da yawa cin abincinsa yakan dawo ba tare da wani maganin ci ba.

A shekarar 2011 ƙwararru daga ƙasashe daban-daban suka amince da ma'auni guda: duk mai ciwon daji da ya rasa fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa cikin wata 6 ba da niyya ba, to, ya shiga wannan hali. Alal misali, mai kilo 60 ya rasa fiye da kilo 3. Sun kuma kasa shi mataki uku: na share fage, da na tsakiya, da na ƙarshe wanda ba ya jin magani. Gidan da ba sikeli yana iya lura da wando ya fara yin yawa a ƙugu, ko zobe yana zamewa daga yatsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, domin a mataki na farko ne abinci da magani suka fi yin tasiri.

A FARA DA ABIN DA KE GYARUWA

Kafin a yi zancen maganin buɗe ciki, likitan kirki yakan fara neman ƙananan dalilan da suka haɗu suka hana ci, domin da yawa daga cikinsu suna da magani mai araha.

Na farko shi ne baki. A sa majiyyaci ya buɗe baki a haska da tocila. In an ga fari-fari a harshe da dasashi da cikin kumatu kamar ragowar kindirmo, to, wata irin cuta ce da ke samun waɗanda garkuwarsu ta yi rauni, tana sa haɗiya ta yi zafi, abinci ya rasa ɗanɗano, kuma magunguna irin su nistatin da fulukonazol suna kawar da ita cikin 'yan kwanaki. Maganin daji mai ƙarfi da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, da gashin da ake yi a wuya ko a kai, sukan kawo miki a baki da bushewar miyau. Kurkure baki sau da yawa a rana da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri yana rage wannan.

Na biyu shi ne taurin bahaya. Magungunan kashe zogi irin su mofin da kodin da tiramadol suna ɗaure hanji, mutum ya yi kwana huɗu ko biyar bai zaga ba, cikinsa ya cushe. Wanda ke cikin wannan hali ba zai yi marmarin tuwo ba. Kunya takan hana dattijo faɗa wa 'ya'yansa, saboda haka sai mai jinya ya san dabarar tambaya. Daina maganin zogin kuskure ne. Abin da ya dace shi ne likita ya haɗa shi da mai sassauta ciki tun daga ranar farko.

Na uku shi ne zogin kansa. Ba mai iya cin abinci yana murƙususu. In an ba da maganin zogi a kan ƙa'ida, bisa agogo, ba sai ciwon ya taso ba, sau da yawa majiyyaci yakan tashi zaune ya nemi koko da bakinsa.

Sauran sun haɗa da tashin zuciya, da saurin ƙoshi saboda tumbi ya yi nawar sauke abinci, wanda maganin metokulofiramid kan taimaka masa, da taruwar ruwa a ciki mai danne tumbi, wanda likita ke iya zuƙewa. Akwai kuma baƙin ciki da fargaba, irin na magidancin da ke kwance yana lissafin kuɗin magani da makomar 'ya'yansa. Wannan ma yana da magani, wani na hira da lallashi ne, wani na ƙwaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a tambayi majiyyaci abin da ke hana shi ci, a kuma saurari amsar.

MAGUNGUNAN BUƊE CIKI DA IYAKARSU

In an share waɗannan dalilai amma har yanzu ba ci, akwai magungunan da aka jarraba aka ga amfaninsu, ko da yake kowanne da iyakarsa.

Mafi daɗewa shi ne deksametason da danginsa. A shekarar 1974 Dakta Charles Moertel da abokan aikinsa na Asibitin Mayo a Amurka suka gwada shi a kan mutum 116 masu dajin ciki da hanji wanda ya yi nisa. Sha'awar abincinsu ta ƙaru, amma nauyinsu bai ƙaru ba, kwanansu ma bai ƙaru ba. Maganin yana aiki da sauri, cikin 'yan kwanaki, sai dai amfaninsa yakan dushe bayan 'yan makonni, in kuwa aka daɗe ana sha yakan ta da sukarin jini, ya raunana tsokar cinya, ya hana barci, ya buɗe ƙofa ga wasu cututtuka. Don haka likitoci sukan ajiye shi ga wanda ake so ya sami ɗan ƙarfi na gajeren lokaci, kamar mai son ya halarci ɗaurin auren 'yarsa ko ya yi Salla cikin iyalinsa.

Na biyu shi ne megestirol, wanda ya yi kama da wani sinadarin jikin mata. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara bincike tana tacewa, ta ba da rahoto a shekarar 2013 cewa kimanin mutum ɗaya cikin huɗu da suka sha shi ne cinsu ke ƙaruwa, ɗaya cikin goma sha biyu kuma ya ƙara nauyi. Nauyin ma galibi kitse ne da ruwa, ba tsoka ba. Haɗarinsa shi ne kumburin ƙafa da daskarewar jini a jijiya, abin da ke iya kisa in gudan jinin ya tafi huhu.

Na uku, wanda ya fi jawo hankali a 'yan shekarun nan, shi ne olanzafin. A shekarar 2023 likitocin wata cibiyar koyar da aikin likita da ke Puducherry a kudancin Indiya suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum 124 masu dajin tumbi, da na huhu, da na hanta da fankiriyas, waɗanda ake yi wa kemo. Rabinsu an ba su miligiram 2.5 na maganin kowace rana har mako 12, sauran kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Kashi 60 cikin ɗari na waɗanda suka sha maganin sun ƙara fiye da kashi 5 cikin ɗari na nauyinsu, alhali a ɗaya rukunin kashi 9 ne kawai. A wannan shekara ƙungiyar likitocin daji ta Amurka ta gyara jagorarta ta sa shi a gaba. Tsohon magani ne, ba shi da tsada. Sai dai mai karatu ya sani, asalinsa maganin taɓin hankali ne in an ba da shi da yawa, saboda haka in likita ya rubuta ɗan kaɗan don buɗe ciki, kada dangi su zaci ana nufin majiyyacinsu ya zautu. Yakan sa gyangyaɗi, shi ya sa akan sha shi da dare.

Akwai sababbi. Ƙasar Japan ta amince da anamorelin a shekarar 2021, maganin da ke kwaikwayon sinadarin yunwa da tumbi ke fitarwa, amma hukumar magunguna ta Turai ta ƙi amincewa da shi a 2017 domin bai ƙara wa majiyyata ƙarfin hannu ba. A 2024 kuma aka buga gwajin wata allura mai suna ponsegromab a kan mutum 187, wadda ke tare ɗaya daga cikin sinadaran da ke kashe yunwa a ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka ba mafi yawa sun fi sauran ƙarin nauyi da kusan kilo 3 cikin mako 12. Gwaji ne na tsakiyar hanya, amma ya nuna an soma taɓa tushen matsalar.

Wasu abubuwan kuwa an gwada ba su cika alkawari ba. Sinadarin tabar wiwi, wanda ake ta yayata cewa yana buɗe ciki, an kara shi da megestirol a shekarar 2002 ya gaza, a 2006 kuma aka tarar bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba. Sifiroheftadin, wanda ke cikin yawancin ruwan maganin ƙiba da ake sayarwa a kemis, an gwada shi a 1990 bai hana masu daji ramewa ba. Wannan gargaɗi ne ga masu zuwa kasuwa su sayo magungunan nan da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe su ɗura wa majiyyaci. Da yawansu deksametason ne a ciki ba bisa awo ba, kumburin fuskar da suke kawowa kuma ba lafiya ba ce. Haka nan jiƙe-jiƙen da ke sa amai da gudawa da sunan wanke ciki, ɗan ƙarfin da ya rage wa majiyyaci suke tafiya da shi.

AIKIN MADAFI

Abin da mai girki za ta iya ya fi abin da take zato. Babban akushi cike da tuwo yana karya zuciyar marar lafiya tun bai taɓa ba. A zuba kaɗan a ƙaramin kwano, a kawo sau shida ko bakwai a rana maimakon sau uku, in ya cinye ya ji ya yi abin kirki. A lura da lokacin da cikinsa ya fi buɗewa, wanda ga mutane da yawa da safe ne, a ba shi mafi kyawun abincin a sa'an nan.

Tun da cikin ba ya ɗaukar da yawa, sai a sa kowane cokali ya yi nauyi. Kunun gyaɗa ya fi koko tsararo. A ƙara garin madara a kunu, a sa man shanu a fate, a fasa ƙwai a cikin alale, a dama fura da kindirmo mai kauri wanda aka yi da tafasasshiyar madara, a jiƙa dabino a markaɗa da ayaba. Miyar kuɓewa da ta kuka suna taimakon mai busasshen baki wajen haɗiyar tuwo mai laushi. Romo zalla yana da daɗin kurɓa amma ba shi da ƙarfi sosai, gara a murje naman ko kifin a ciki. Kada a cika masa ciki da ruwa ko shayi dab da cin abinci.

Ciwon da magungunansa sukan juya ɗanɗano. Mutumin da a da ba ya cin tuwo sai da nama yana iya cewa naman ɗaci yake masa, ko yana jin ƙarfe-ƙarfe a baki. Sai a koma ga kaza ko kifi ko ƙwai ko wake ko awara, a ba shi cokalin roba ko ludayi maimakon na ƙarfe. Ɗan tsami irin na tsamiya ko lemon tsami yakan farkar da harshe, amma in akwai miki a baki a guji tsami da yaji. Ƙamshin suya da na daddawa yana ta da zuciyar wasu, saboda haka a nisanta murhu da ɗakinsa, a bar abinci ya huce kafin a kai masa. A tashe shi zaune, a wanke masa baki, in da hali a fito da shi tabarma ya ci cikin iyali, domin ci cikin jama'a ya fi ci a kaɗaice. Ɗan tattaki a tsakar gida ma yana taimakon tsoka da hanji.

Sa'an nan a yi hattara da masu dogon jerin hani, masu cewa kada ya sha sukari, kada ya ci nama, kada ya taɓa mai, wai don a kashe dajin da yunwa. Babu wata hujja da ta nuna haka yana warkarwa, majiyyacin ne kawai ke ƙara ramewa. Wanda ciwonsa ya yi nisa, in ya yi marmarin rake ko ƙosai ko tsire, a nemo masa, sai fa in likitansa ya hana saboda wani dalili na musamman.

ƘARIN RUWA DA ROBAR HANCI

Sa'ad da ci ya ragu ƙwarai, abin da dangi suka fi roƙo shi ne, "Likita, a sa masa ruwa." Ya kamata a sani cewa ledar ƙarin ruwa ba abinci ba ce. Wadda ke da sukari a ciki ma, ƙarfin da ke cikin lita guda bai wuce na kofin kunu mai kauri ba. Tana da amfani ga wanda amai ko gudawa suka busar da shi, amma ga wanda ke kusa da ƙarshe labarin dabam ne. A shekarar 2013 Dakta Eduardo Bruera na birnin Houston da abokan aikinsa suka buga gwajin da suka yi da irin waɗannan majiyyata 129: wasu ana ba su lita ɗaya ta ruwa kullum, wasu kuma ɗan kaɗan ƙwarai. Ba a ga bambanci a jin daɗinsu ko tsawon kwanansu ba. Ruwan da ya fi ƙarfin jiki yakan taru a ƙafafu da ciki da huhu, numfashi ya ƙara wuya.

Ciyarwa ta roba, ko ta hanci ko ta fatar ciki, tana da wurinta. Mai dajin maƙogwaro ko na baki wanda yake jin yunwa amma hanya ta toshe, ko wanda ake yi wa gashi da fatan warkewa, roba tana iya riƙe shi har ya haye. Amma wanda kakeksiya ta kai mataki na ƙarshe, jagorar da likitocin daji na Amurka suka fitar a 2020 ta ce kada a mai da ciyarwa ta roba ko ta jijiya al'ada a gare shi, domin ba a ga tana ƙara kwana ko jin daɗi ba, ga kuma haɗarin cuta da wahala. Shawara ce da za a yanke tsakanin likita da majiyyaci da iyalinsa, bayan an faɗa wa juna gaskiya.

KWANAKIN ƘARSHE

Babban abin da ke cin zuciyar masu jinya shi ne tsoron kada a ce yunwa ce ta kashe nasu suna kallo. A shekarar 1994 wasu likitoci a garin Rochester na Amurka suka bi diddigin majiyyata 32 da ke cikin hankalinsu a ƙarshen rayuwarsu, galibinsu masu ciwon daji, suna tambayarsu kullum. Mutum 20 ba su taɓa jin yunwa ba sam, 11 kuma sun ji ta ne da farko kawai. Ƙishirwa da bushewar baki sun fi damunsu, su ma ɗan kurɓin ruwa da gutsuren ƙanƙara da shafa mai a leɓe sun wadatar. Jikin da ke shirin tsayawa ba ya neman abinci. Ciwon ne ya kai inda ya kai, shi ya sa cin ya tsaya.

A wannan mataki ɗura tana da haɗari. Wanda ya galabaita yana iya ƙwarewa, kunu ya bi hanyar iska ya faɗa huhu. In ya farka ya nema, a tallafe shi a ba shi da ƙaramin cokali. In ya kau da kai, a ƙyale shi. Malamai sun san wani hadisi da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito mai hana tilasta wa marar lafiya cin abinci, kuma ko da yake masana hadisi sun yi magana a kan ƙarfin isnadinsa, abin da ya ƙunsa ya dace da abin da likitoci suka gani a bakin gado.

A wurinmu abinci harshen ƙauna ne. Da shi ake karɓar baƙo, da shi ake gai da marar lafiya, shi ya sa in an ture kwano mai kawowa take ji kamar ita aka ture. To, hannun da ya saba miƙa cokali yana da sauran aiki: jiƙa leɓe da auduga, juya majiyyaci don kada bayansa ya yi miki, matsa masa ƙafa, yi masa fifita, zama kusa da shi ana hira ko addu'a. 'Yan dubiya kuma su rage tambayar nan ta "Ya ci abinci kuwa?" a gabansa, su daina zargin matar gida da sakaci.

Wannan irin kulawa fanni ne na aikin likita mai zaman kansa, watau jinyar sauƙaƙa wahala. Cicely Saunders ce ta kafa gidan jinya na zamani irin wannan a Landan a shekarar 1967. Dakta Anne Merriman, wadda ta yi shekaru tana aikin likita a Nijeriya, ta kafa irinsa a Uganda a 1993, ta yaɗa amfani da ruwan mofin mai araha. A nan gida, ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta ya kai ga buɗe sashen wannan jinya a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2007, a 2014 kuma Babban Taron Lafiya na Duniya ya yi kira ga ƙasashe su sa ta cikin tsarin lafiyarsu. Duk mai jinyar irin wannan majiyyaci ya tambayi likitansa ko akwai masu wannan aiki, da masanin abinci, a asibitin da yake zuwa.

Ranar zuwa asibiti kuwa, kada a tsaya ga cewa "ba ya cin abinci" kawai. A faɗi tun yaushe, da abin da yake iya ci, da ranar da ya yi bahaya na ƙarshe, da halin da bakinsa ke ciki, a kuma tafi da duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya. Sa'an nan a yi ƙarfin hali a tambayi likita a wane mataki ake, domin amsar ita za ta nuna ko lokacin ƙara man shanu a kunu ne, ko kuwa lokacin ajiye kwano a riƙe hannu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.